Yadda za ka haɗa wa 'yan firamare gwajin ƙwarin da ke cin bishiyoyi ko da makarantarku ba ta da ɗakin gwaje-gwaje

Wannan bayani na malaman kimiyya ne na aji huɗu zuwa shida, da duk wani uba ko uwa da ke son yaro ya san abin da ke kashe itatuwan garinsu. Duk damina ana dashe, ana raba tsirrai a makarantu, kuma tun 2007 da Tarayyar Afirka ta amince da shirin nan na katangar itatuwa don tare kwararowar hamada ake ta maganarsa, jihohi 11 na arewa suna ciki, daga Sakkwato da Kebbi har Yobe da Borno. Amma kafin rani ya ƙare za ka tarar dashe da yawa ya bushe a tsaye, in ka tambaya a ce maka ai rashin ruwa ne ko awaki ne. Wani lokacin haka ne, wani lokacin kuma in da an tona gindin da an ga gara ce ta cinye saiwar tas. Babu wanda ya tona. To abin da nake so yara su koya kenan, su tona, su duba, su ƙirga, su rubuta, kafin su ɗora wa wani ƙwaro laifi ko a ce a kawo maganin feshi.

Aikin zai ɗauki sati huɗu zuwa shida, darasi ɗaya ko biyu a sati ya isa. Kuma dan Allah kada wani ya ce sai ya kwashi yara zuwa cikin daji, mun san halin da dazuzzukanmu da yawa suke ciki ta fuskar tsaro. Bishiyoyin harabar makaranta, da layin darbejiya na bakin hanya, da lambun wani maƙwabci da ya ba da izini, sun wadatar. Abin da ke cin turare a harabar makaranta shi ne dai ke cin sa a gandun dajin gwamnati.

Kayan da za ku tara

Kusan duka a bola da gida za a same su. Robobin ruwa da na lemo da aka wanke, masu haske da ake ganin ciki. Kwalaben bama ko na man shafawa masu murfi. Tsohon farin zane ko farin buhu da aka farke. Kofunan roba. Littafin lissafi mai gida-gida. Zare ko tef ɗin tela. Man basilin. Yankin tsohon gidan sauro da kyauro na ɗaure bakin kwalba. Alli, da gashin kaza na ɗaukar ƙananan ƙwari ba tare da an murƙushe su ba. Gilashin ƙara girma shi ne kawai abin saye, in an samu guda uku ko huɗu a shagon littattafai to madalla, in ba a samu ba a yanko roba mai haske a ɗiga mata ɗigon ruwa ɗaya, a riƙe ta a saman ƙwaron, ɗigon nan yana ƙara girma sosai har yara su ga ƙafafu. Kyamarar wayar malam ma tana aiki.

Ka raba ajin rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida. Na san akwai azuzuwan da yara sun haura saba'in, in haka ne ka fita da rabi yau rabi gobe, kada ka fitar da su duka lokaci guda don ba za ka iya sa musu ido ba. Kowane rukuni ya zama akwai mai rubutu, mai zane, mai awo, mai riƙe kwalba, kuma a riƙa juyawa, kada a bar wa 'yan mata rubutu kawai maza su kwashe aikin tono.

Kafin a fita, maganar kariya

Wannan ba a tsallake shi. Babu yaron da zai sa hannu cikin kogon bishiya ko ƙarƙashin busasshen ɓawo, da sanda ake ɗagawa, saboda kunama da shanshani da maciji a irin nan suke kwana. Tsutsa mai gashi ba a taɓa ta da hannu. Hangara ma haka, ruwan jikinta yana tayar da bororo a fata. In aka ga gidan rina ko zuma a bishiya a bar wannan bishiyar gaba ɗaya a zaɓi wata. Kowa da takalmi, babu hawa bishiya, kuma in an dawo a wanke hannu da sabulu. Ka tambayi iyaye tun farko ko akwai yaron da jikinsa ke kumbura in zuma ta harbe shi ko mai asma.

Mataki na farko: kowane rukuni ya ɗauki bishiyarsa

A ba kowane rukuni bishiya biyu ko uku, a rubuta musu lamba da alli. Ka yi ƙoƙari su zama iri daban-daban, darbejiya, turare, maɗaci, mangwaro, bagaruwa, tsamiya, duk abin da ke akwai, a haɗa da ƙaramin dashe da babbar bishiya. Su auna kaurin gindin da zare daidai ƙirjin yaro, su shimfiɗa zaren a kan rula su rubuta. Sannan su zagaya ta a hankali daga ƙasa zuwa sama suna amsa tambayoyin da ka rubuta musu a allo: akwai shafen ƙasa a jikin gindin, akwai huda, akwai garin itace da ya zubo a ƙasa, akwai ƙaro ko ruwa da ke tsatsowa, ganyen kore ne ko ya yi rawaya, akwai reshen da ya bushe.

A nan akwai tarkon da yara ke faɗawa, har da manya. Bishiyar da ba ganye ba lallai ciwo take ba. Kuka tana zubar da ganye da rani, gawo kuma shi akasin haka yake, da damina yake tsayawa tsirara sai an shiga kaka ya yi kore. In yaro ya rubuta "gawo ya mutu" a watan Agusta kada ka gyara masa nan take, ka ce ya je ya tambayi kakansa ko Baba maigadi, ya dawo ya gaya wa aji. Tsofaffin manoman nan sun san bishiyoyi fiye da abin da ke cikin littafin da muke koyarwa da shi, a sa su cikin aikin.

Mataki na biyu: kamo ƙwarin

Hanya mafi sauƙi ita ce ta farin zane. Yara huɗu su riƙe kusurwoyi a ƙarƙashin reshe mai ƙasa-ƙasa, ɗaya ya bugi reshen da sanda sau biyar, ba da ƙarfin karya shi ba. Duk abin da ya faɗo a share shi da gashin kaza cikin kwalba. Sau biyar ɗin nan yana da muhimmanci, kowane rukuni sau biyar, in wani ya buga ashirin wani uku to ba za a iya kwatanta sakamakon ba, kuma ka faɗa musu dalilin da bakinka don wannan shi ne asalin kimiyyar. Da safe ya fi, kafin rana ta yi zafi ƙwarin su yi kuzarin tashi.

Na ƙasa kuma a haƙa ɗan rami a gindin bishiya a binne kofin roba bakinsa daidai da ƙasa, a sa busasshen ganye kaɗan a ciki, a ɗora fale-falen dutse ko katako a kan 'yan tsakuwa ya zama rumfa, a bari ya kwana. Washegari a duba tun da safe. Na masu tashi a samu yankin tsohuwar jarka mai ruwan ɗorawa a shafe shi da basilin a rataye a reshe kwana biyu, ƙananan ƙwari da yawa suna bin wannan launin su manne.

In an dawo aji sai a zauna a tantance. Doka ɗaya za ka ba su, a ƙirga ƙafa. Ƙwaro na ainihi ƙafa shida gare shi da jiki kashi uku, kai da ƙirji da ciki. Gizo-gizo takwas, shi ba ya cikinsu. Ƙadandoniya ƙafafunta ba sa ƙirguwa, ita ruɓaɓɓen ganye ta fi ci. Sannan su duba baki, mai tauna ne kamar fara da tsutsa ko mai tsotsa ne. Sai a zana layi uku a allo: masu cin bishiya, masu cin masu cin bishiya, da waɗanda ba mu sani ba tukuna. Layi na ukun nan shi zai fi tsawo kuma ba komai, kada ka ji nauyin ce wa yaro ban san wannan ba, mu ajiye shi mu ga me zai ci. Ƙoƙi-ƙoƙi, gizo-gizo, zanzaro, da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya wanda ke cin darɓa, duk 'yan layi na biyu ne, a zana su a mayar da su inda aka kamo su ranar.

Mataki na uku: gwajin gara

Wannan shi ne zuciyar aikin, a nan zan daɗe, don a yankinmu na sahel da savana gara tana cikin manyan masu kashe sabon dashe, musamman turare a shekararsa ta farko da ta biyu. Tana cin saiwa da ɓawon gindi daga ƙarƙashin ƙasa, sai ka ga tsiron ya yi yaushi ya bushe alhali ana ba shi ruwa, in ka ja shi sai ya fito salin-alin babu saiwa. Kuma ta fi samun galaba a kan tsiron da ƙishi ya riga ya galabaitar.

Tambayar da yara za su amsa ita ce: gara tana da zaɓi ko duk itace ɗaya ne a wurinta? Ka je wurin kafinta ko masu sayar da itace ka samo guntaye masu girma ɗaya, kamar tsawon tafin hannu, duka busassu. Turare, darbejiya, maɗaci, farin katakon da ake yin benci, guntun azara na giginya, ƙirya in an samu, sai kwali da karan dawa. Kowane a sa masa lamba da fenti ko a ɗaura masa murfin lemo mai lamba da waya, don alli zai goge. Kafin a binne kowane yaro ya rubuta hasashensa, wanne za a fara cinyewa, wanne zai tsira, ya sa hannu. Yara suna son wannan sosai domin gardama ce za ta ɓarke, ka bar su su yi ta.

A nemi wurin da aka san akwai gara, gefen katanga ko inda ake ganin shafen ƙasa a kan karare, amma nesa da ajujuwa da ofis don kada a jawo ta kan rufi da littattafai. A binne guntayen a jere, zurfin yatsa, tazarar taki ɗaya tsakaninsu. A yi irin wannan jerin a wuri uku daban, kuma a canza tsarin, wanda ya zo farko a nan ya koma tsakiya a can. Dalili kuwa, in wuri ɗaya aka yi, wataƙila wanda aka cinye kawai ya dace da bakin hanyar garar ne. In rani ne a riƙa yayyafa ruwa kaɗan a kan duka daidai-wa-daida.

Duk sati a ɗaga a hankali a duba, a ba da maki, a mayar yadda yake. Sifili ba a taɓa ba, 1 an ɗan lasa, 2 an ci kamar kwata, 3 an ci rabi ko fiye, 4 saura ɓawo. Kwali da kara su ne galibi ke fara tafiya, azara da ƙirya su jure, shi ya sa kakanninmu suka yi rufin soro da azara. Amma kada ka gaya musu wannan tun farko, kuma in sakamakon ya fito daban da abin da kake tsammani a rubuta shi yadda ya fito. In wani jeri gara ba ta zo ba sam, a rubuta ba ta zo ba, shi ma sakamako ne.

Ranar da aka samu gara a jikin kwali a ɗebo kaɗan a faranti su duba da gilashi. Za su ga ma'aikata masu farin jiki mai laushi, da sojoji masu babban kai da muƙamuƙi, a kula don manyan suna cizo. Su kwatanta da tururuwa, tururuwa tana da siririn ƙugu da ƙahon da ya lanƙwashe, gara ba ta da ƙugu, ƙahonta miƙaƙƙe. Ba dangi ɗaya ba ne ma, masana sun tabbatar gara ta fi kusa da kyankyaso. Shingen da ke fitowa bayan ruwan farko har yara su kama su soya, su ne masu fiffiken da ke fita kafa sabon gida.

Sai ka juya musu tambayar, to a kashe gara duka? A nan ka ba su labarin tassa da manoman Tawa a Nijar ke yi, wanda a Burkina Faso ake kira zai. Ana haƙa ƙananan ramuka a fako, ƙasar da ta ƙeƙashe ba ta shan ruwa, a zuba taki a ciki. Takin ya jawo gara, garar ta huda hanyoyi a ƙarƙashi, ruwan sama ya samu wurin shiga, har gero da itatuwa su tsiro a inda da ba abin da ke fitowa. Ita ce kuma ke mayar da matattun itatuwa ƙasa. Ina so yaro ya riƙe abu biyun nan tare a kansa, cewa halitta ɗaya tana ɓarna a gindin sabon dashe tana gyara a fako, don haka tsiron ake karewa, ba yaƙi da suri ake yi ba.

Mataki na huɗu: ƙwaron da ke cikin iri

Daji ba ya sabuntuwa sai iri ya tsira, to akwai ƙwarin da aikinsu ke nan, cin iri tun yana cikin kwanso. Da rani a sa yara su tsinto 'ya'yan bagaruwa, kalgo, gawo ko tsamiya da suka faɗo. A ɓare, kowane rukuni ya ƙirga ƙwaya 100 cif, ya ware masu zagayayyar huda gefe. In 23 ne suka huje to kashi 23 cikin ɗari kenan, ka ga darasin lissafi ya shigo da kansa. Sauran da ake ganin lafiyarsu ƙalau a raba biyu. Rabi a zuba a ruwa, yawancin waɗanda suka taso sama an cinye cikinsu ko ba su ƙosa ba, malam ya fasa wasu da dutse a gani. Ɗaya rabin a zuba a kwalba a ɗaure bakin da gidan sauro a ajiye a inuwa, duk sati a duba. Sau da yawa za a ga ƙananan ƙwari sun fito daga irin da aka rantse ba komai a cikinsa, domin ƙwan tun a bishiya aka saka shi, tsutsar ta girma a ciki. Dangin ƙwaron wake ne da duk yaro ya sani a gida, kuma wanda ke cin tsamiya da kalgo shi ne yake shiga gyaɗa a rumbu.

Mataki na biyar: auna cin ganye

Wannan gajere ne. Ganye goma daga kowace bishiya, a tsinka ba tare da zaɓe ba, mai tsinka ya kau da kai. A ɗora a takarda mai gida-gida a zana gefensa har da inda aka cinye, a ƙirga gidajen duka da na wurin da ya ɓace. Su lura da salon cin, daga gefe ne, huda ce a tsakiya, ko farin layi ne mai lanƙwasa a cikin ganyen. A juya bayan ganye kuma. A mangwaro in aka ga farin abu kamar auduga da baƙin danƙo a saman ganye, ƙwaro ne mai tsotsa, baƙin kuma fumfuna ce da ke tsirowa a kan zaƙin da yake fitarwa. Wani irinsa ya shigo Afirka ta Yamma daga Asiya a farkon shekarun 1980 ya addabi mangwaro a Togo da Gana da Binin da Najeriya, kuma abin da ya karya lagonsa wani ɗan mitsitsin dangin zanzaro ne da masana suka kawo daga Indiya suka sake, ba feshi ba. A darbejiya a duba ƙananan ɗigo masu kama da ɓawo manne da ganye, irinsu ne suka yi wa darbejiya illa a yankin tafkin Chadi a tsakiyar shekarun 1980.

In akwai ƙananan maɗaci a makarantar a duba kan tsiron. Akwai wata tsutsa da ke shiga ta can ta huda shi ya bushe, sai bishiyar ta yi rassa barkatai tun tana ƙasa maimakon ta miƙe, abin da ya daɗe yana hana gandun maɗaci ba da katako mai kyau. Sannan su ɗaga kai su nemi kauci a kaɗanya ko ɗorawa. Shi ba ƙwaro ba ne, tsiro ne da ke kafa tushensa cikin reshe yana shan ruwan bishiyar, tsuntsaye ke yaɗa shi don ƙwayarsa tana da danƙo tana manne wa reshe. A ƙirga dunƙule nawa ne a kowace bishiya. Maganinsa sare reshen daga ƙasan kumburin, aikin manya ne wannan.

Mataki na shida: me ya sa huda ke kashe bishiya

Yara za su tambaya, Malam ya ɗan ƙwaro zai kashe ƙatuwar bishiya? A yanko ɗanyen alayyafo mai ganye a tsoma gindinsa cikin ruwan da aka zuba wa shuɗi ko jan kala na abinci, a ajiye a wuri mai haske daga safe zuwa tashi. Malam ya yanka karan a gicciye da reza, za a ga ɗigo-ɗigon launi, hanyoyin da ruwa ke hawa kenan. Sai ka ba su tsinken shan lemo biyu, ɗaya lafiyayye ɗaya an huda shi da allura wuri huɗu, su gwada zuƙar ruwa. Ka bayyana musu cewa abincin da ganye ke haɗawa yana saukowa saiwa ne ta wani siririn sashe da ke ƙarƙashin ɓawo, in tsutsa ta zagaye gindin da hanyoyinta ta yanke wannan sashen, saiwa ta mutu da yunwa. A Amurka an gano wani koren ƙwaro a jihar Michigan a 2002, daga Asiya ya zo, ana kyautata zaton cikin katakon ɗaurin kaya, kuma ta wannan hanyar ya kashe miliyoyin bishiyoyi, har aka riƙa gargaɗin mutane su daina kai itacen wuta daga wani yanki zuwa wani. Mu ma motocin itace kullum suna shigowa gari daga daji, in an faskara itace a gida yara su duba ƙarƙashin ɓawon su kawo guntun da ke da zanen hanyoyi. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum ma yana yin aikin tsutsar nan, je ka duba maɗatan bakin hanya yadda masu sassaƙe suka zagaye su, a nuna wa yara wannan ma su rubuta shi cikin jerin masu ɓarna.

Mataki na bakwai: gwada magani ba tare da guba ba

Kada maganin feshi na kanti ya shigo wannan aikin ko kaɗan. A tsinto 'ya'yan darbejiya busassu a ɓare, malam ya daka ƙwallon, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, kimanin cikin hannu biyu, a jiƙa ya kwana a tace da ƙyalle. A samo tsutsotsi ko 'yan fara iri ɗaya masu girma ɗaya daga bishiya ɗaya, a raba su kwalba biyu daidai. Kwalba ta farko ganyen da aka tsoma a ruwan darbejiya aka bari ya sha iska, ta biyu ganyen da aka tsoma a ruwa zalla. A zana ganyen a takarda mai gida-gida kafin a saka da kuma bayan kwana biyu. Darbejiya ba ta kashewa nan take, hana su ci take yi ta kuma dagula musu girma, don haka abin da za a auna shi ne yawan cin, ba gawa ba. Kwalba ta biyun nan dole ce, in babu ita ba wanda zai iya cewa darbejiyar ce ta hana su ci ko dama a ƙoshe suke. A ja musu kunne ba a ɗanɗanawa. In kuna da sabon dashe ana iya yin irin wannan da toka, rabin tsirran a zuba musu a gindi rabi a bari, duka a ba su ruwa ɗaya, a riƙa duba gara har ƙarshen zango.

Ranar ƙarshe

Kowane rukuni ya haɗa sakamakonsa a babban kwali, zanen ƙwarin, makin gara sati-sati, kason irin da ya huje, sannan hukuncinsu a kan kowace bishiya, lafiya lau, tana buƙatar kulawa, ko tana cikin haɗari, tare da hujja. Duk wanda ya ce ƙwaro kaza ne ya yi ɓarna a tambaye shi me ka gani, nawa ka ƙirga. A gayyato hedimasta da iyaye, in da hali a rubuta wa sashen gandun daji na ƙaramar hukuma su turo malamin daji ya saurari yaran, ya kuma taimaka da sunayen waɗanda ke layi na uku. In kun ga wani baƙon abu da ke busar da bishiyoyi da yawa lokaci ɗaya a ɗauki hoto a ba shi, Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Najeriya da ke Ibadan tana da tashoshi a arewa, su ne masu bin irin wannan. Littattafan rukunin kuma kada a jefar, a rubuta shekara da lambar bishiya a bango a ajiye a ofis, a sabunta lambobin jikin bishiyoyin da fenti, domin ajin baɗi su auna waɗannan bishiyoyin dai a wata ɗaya su ga abin da ya canza.